Garin da Dada ta nema

Raliya 'yar Funtuwa ce, kuma har ta tsufa a Jimeta bakinta bai daina nuna hakan ba. Ubanta dillalin auduga ne da bai taɓa yin arziki ba, uwarta kuwa tuwo take sayarwa a bakin tasha. Saboda haka tun tana 'yar shekara tara ta iya leƙa tukunya ta faɗa maka bakin mutum nawa za ta rufe. Ba ta yi boko ba. Girki ta iya, kuma ba girkin masu hali ba, wanda ko yaro ka ba nama da man shanu zai yi shi da daɗi. Girkin babu ta iya, shi ne gadonta.

Mijinta Hamajoɗa Bafulatanin Yola ne, malamin allurar shanu. Shekarar da aka samu 'yancin kai gwamnatin Arewa ta tura shi Funtuwa aiki. Can ya gan ta, can aka ɗaura, can ta haifa masa 'ya'ya uku, duk mata, Asabe ce babba. Da aka yanka Arewa jiha-jiha aka ce kowane ma'aikaci ya koma tasu, sai ga su a bayan babbar mota, su da gado da tukwane da turmi, kwana uku a hanya. Aka tsallaka da su kogin Binuwai a Numan, suka sauka a wani gidan haya a unguwar Limawa cikin Jimeta, ɗaki biyu da madafi ɗaya.

Albashin malamin allura ba abin rainawa ba ne a Funtuwa, inda Hamajoɗa ba shi da kowa. To a Yola yana da kowa! Wannan baffa ne, wancan kawu ne, waccan gwaggo ce saniyarta ta mutu. Shi kuma mutum ne da ba ya iya cewa babu, gara ya sunkuyar da kai ya zura hannu aljihu. Kafin kuɗi su iso hannun Raliya sun rame. Ga yaƙi ana yi a kudu, gishiri ma ya zama abin da ake ɗebowa da yatsa uku. Da abin da ya rage za ta ciyar da baki biyar kowane maraice, har wata ya mutu.

Kuma tana ciyarwa. Hamajoɗa bai sa ta kulle ba, mutumin da ke yin wata guda a daji yana bin shanu, wa zai yi masa cefane? Amma ba ta zuwa kasuwa da safe. Safiya, in ji ta, ta matan manya ce, masu nuna kaya da yatsa. Ita sai bayan la'asar, lokacin da mai yakuwa ta gaji da yayyafa wa ganyenta ruwa, mai kifi kuma ya fara tunanin gida. Daga nan ta gangara bakin kogi ta kwashi kawunan kifi da 'yan ƙananan da suka rage a gindin kwale-kwale. Ta banda su a kan murhu, ta daka, ta zuba a gwangwani, cokali ɗaya ya ishi miyar dare. Inda wata za ta sa mai, ita ƙuli-ƙuli take dakawa. Inda miya ta yi ruwa, yankin kabewa ya ba ta jiki. Ƙashi ɗaya daga wurin mahauci kwana biyu yake yi mata aiki, ran farko a tafasa shi, ran na biyu a fasa shi. A bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta shuka kuɓewa da zogale, har maigidan haya ya zo zai yi magana, ta cika masa hula da kuɓewa ya tafi.

Dawar Yola ma sai da ta koye ta. Ja ce, jigari suke ce mata, tuwonta ya fito kamar an kwaɓa shi da jar ƙasa. Ran farko 'yan matan suka tsaya kallonsa, ƙaramar ta ce ita ba ta cin tuwo mai ciwo. Amma jigari ta fi farar dawa araha, don haka cikin mako biyu kowa ya gano ashe tuwon ja ya fi riƙe ciki. Ran da kuwa babu komai a gidan sai kuka da daddawa, ranar Raliya ke shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, ta wanke wa yara hannu da kanta, ta zauna tana ba su labarin Funtuwa. Sai da suka girma suka gane abin da sabuwar tabarma take nufi.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: tana ji da hannunta. Ba a dawo mata da kwano da saura. In ka bar loma biyu sai ta bi ka da ido har ka ji kamar ka yi sata. Ka zage ta ta yi dariya, amma ka ce miyarta ta yi salam, to ka nemi mai raba ku.

Da bazarar shekararsu ta farko Hamajoɗa ya je ƙauyensu a bayan Ngurore ya ɗauko mahaifiyarsa. Zazzaɓi ya kwantar da ita ya sake ta, ya ce gara ta zo kusa da asibiti ta murmure. Dada kowa ke ce mata. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana ko da yarenta, Hausa kuwa daga sannu sai lafiya. Raliya ita ma Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba, yaran kuma haihuwar Funtuwa ne. Ga kunyar surukuta a tsakani: Dada ba ta cin abinci a gaban matar ɗanta, ba ta ma kallonta ido cikin ido. Ba a damu ba, tun da ga Hamajoɗa yana yi musu tafinta.

Kwana biyu da zuwanta aka aiko daga ofis. Ciwo ya ɓulla a shanu wajen Ganye, a fita rangadi, mako shida. Ya ɗaure akwatin allurarsa, ya tsaya a ƙofar madafi.

«Raliya, ga Dada nan. Amana.»

«Haba Malam, sai ka faɗa? Ka dawo ka same ta ta yi kumatu.»

Da maraicen nan ta yi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ɗanya, ta zuba garin kifi cokali biyu maimakon ɗaya. Asabe ta kai ɗakin Dada. Da aka ɗauko kwano, gefen malmala kaɗai aka ɗan mintsina. Raliya ta ce baƙunta ce. Da safe aka kai ɗumame, ya dawo yadda ya tafi. Dare na biyu ta yi yakuwa da gyaɗa, wadda ko maƙwabta sai sun leƙo in tana yin ta. Ita ma miyar ta dawo. A rana ta uku Raliya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta Jimeta: ta je kasuwa da safe, ta nuna tsokar nama da yatsa, ta sayi man shanu rabin kwalba. Kuɗin miyar mako biyu ke nan ta zuba a tukunya ɗaya. Dada ta ɗan kurɓi romon, naman da tuwon suka dawo.

Ran nan Raliya ba ta ci abinci ba don haushi. Wato ita za a nuna wa ba ta iya ba? Ita da direbobi ke tsallake masu tuwo huɗu su zo wurin uwarta saboda miyar da ta kaɗa tana yarinya?

Kashegari da hantsi tana shara sai ta ji an yi gyaran murya. Dada ce zaune a bakin ƙofarta, ta rufe baki da gefen mayafi, kamar yadda take yi tun zuwanta. Raliya ta durƙusa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙasa, ka san roƙo ba abu ne mai sauƙi a wurinta ba. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa:

«Gaari.»

«Gari, Dada?»

Ta gyaɗa kai. «Gaari.»

Raliya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Magana ta fito ke nan. Tsohuwa ba ta son girkinta, gari take so a ba ta ta tuƙa abinta da kanta. To madalla! Ta shiga madafi ta auno garin jigari gwangwani guda, niƙaƙƙe, tankaɗaɗɗe, ta zuba a ƙwarya. Ta haɗa da 'yar tukunya da itace da kuka da ɗan gishiri, ta kai ta ajiye a gabanta da hannu biyu. Dada ta dubi ƙwaryar, ta dubi tukunyar. Ta daɗe tana duba. Sannan ta ce, «Usoko,» wato an gode, ta ja kayan ciki.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya gari gwangwani guda ya shiga ɗakin Dada, da rana ƙwarya ta fito wayam. Raliya ba ta taɓa ganin hayaƙi ba, amma ta ce ai sai ta fita kasuwa tsohuwar ke hura wuta, don kada a ga yadda Fulani ke tuƙi. Tukunyar kuma kullum fes take, ta ce tsohuwa ce mai tsabta. Duk da haka ba ta daina aika tuwon dare ba, kada a ce ta yi fushi, ko da yake ta yi. Yana dawowa, yara su ɗumama da safe.

Sai dai buhun nan a aune yake. Ta riga ta raba shi daidai kwanakin rangadi, babu gwangwanin da ba shi da ranarsa. Na Dada kuwa dole ya fito daga wani wuri, kuma ba daga cikin yara ba. Daga nata malmalar ya fito. Kullum sai ta mulmula tata ƙarama, ta cika ciki da ruwan randa, ta ɗaure zani ta ƙara tamkewa. Mata biyu a gida ɗaya, kowacce tana jin yunwa saboda ɗayar, kuma ba wadda ta sani.

Abin da ya fara tayar mata da hankali salla ce. Dada da ke fitowa da butarta tun kafin ladan, sai ga ta tana salla a zaune. Bayan kwana biyu buta ma sai Asabe ta kai mata ciki. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar kara. Raliya ta durƙusa a ƙofa ta ce, «Asibiti, Dada?» Tsohuwar ta girgiza kai, mayafi a baki. A rana ta tara da fara ba ta garin, ko zama ba ta iya yi ba. Haushi ya fita daga ran Raliya tas, tsoro ya shiga. Matar nan mutuwa take yi a hannunta, ɗanta yana can daji inda ko wasiƙa ba ta kai wa, kuma ita ba ta san me ke kashe ta ba.

Allah ya sa da azahar ɗin ranar Keturah ta dawo. Keturah ita ce mai ɗakin da ke kallon nasu, 'yar Bacama, matar Malam Zadok mai koyarwa a firamare. Makoki ta je garinsu tun kafin a kawo Dada. Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Yola shekara da shekaru, can ta kwashi Fulatanci har ta fi iya shi da Hausa. A Hausarta, in tana zancen wani, mace da namiji duk «shi» ne. Mace ce mai murya, in tana raɗa ana ji a waje. Ko kaya ba ta gama saukewa ba Raliya ta riƙo hannunta.

«Yaya Keturah, don Allah shiga ki ji mini abin da ke damun tsohuwar nan.»

Keturah ta shiga da sallamarta. Aka ji muryarta tana tambaya, aka sake jin ta, wannan karon a hankali, abin da ba a saba ji ba. Ta daɗe. Da ta fito fuskarta ta sauya.

«Maman Asabe, kwana nawa tsohuwa nan bai ci abinci ba?»

«Tuwona ne ba ta ci. Nata take yi.»

«Wane nata? Kin ga bakinsa? Na sa ya buɗe mini. Duk ciki ya fashe, tun zazzaɓi, har maƙogwaro. Ko ruwa da wahala yake wucewa, balle tuwo. Ya ce ya roƙe ki gaari.»

«Kullum ina ba ta! Wallahi kullum, gwangwani guda, ni na tankaɗe da hannuna!»

Keturah ta tsaya da baki buɗe. Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

«Wayyo Allah! Gari na tuwo kika ba shi? Ɗanye? Maman Asabe, gaari a bakinsu kunu ne! Kunu! Wannan naki na tuƙi, kuroori suke ce masa. Kunu tsohuwa ya roƙa!»

Keturah ta ja Raliya ciki, ta ɗaga faifan da ke rufe da wani tulu a bayan ƙofa. Ga gari nan, gwangwani tara, ba abin da ya ragu sai ɗan abin da Dada ke kaɗawa a ruwan sanyi ta kurɓa. Itacen ma yana nan a ɗaure.

«To me ya hana ta damawa?» Raliya ta tambaya. «Ga tukunya, ga itace...»

«Na tambaye shi. Ya ce shi ya ɗauka haka al'ada naku yake, uwar miji a ba shi ɗanye. Amma in ya hura wuta a gidan ɗansa, a gidan haya, mutane na gani, za a ce matar Hamajoɗa ya raba masa tukunya. Ya ce ba zai jawo miki wannan magana ba.»

Ka ji fa. Tsohuwa ta zaɓi ta kwanta da yunwa kwana tara da dai a yi da surukarta a unguwa, ita kuwa surukar tana can madafi tana ƙunƙuni an raina mata miya. Kunya ta kama Raliya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta ji ta tsani hannun nan nata da take taƙama da shi. Da ta tsaya ta dubi matar sau ɗaya, maimakon ta dinga duban kwano, ai da ta ga mutum ne ke ciwo.

Ta fara kuka, Keturah ta daka mata tsawa. «Kuka na menene? Kuka zai shiga cikinsa? Kina da gyaɗa?»

Akwai tafi biyu a ƙasan kwando, na miyar jibi. Keturah ta tsaya a kanta tana ba da umarni kamar sajan. A niƙa gyaɗar a dutse har ta yi laushi, a dama da ruwa, a tace da ƙyalle. A ɗora ruwan ya tafasa har ƙamshin ɗanyen ya fita. A ɗebo gari daga tulun nan, a kwaɓa, a zuba ana juyawa, kada ya yi kauri. Tsamiya kaɗan, don bakin. Kunun gyaɗa ke nan irin na Yola, wanda Raliya ke gani a kasuwa ba ta taɓa tsayawa ta koya ba, don a ganinta kunu abin azumi ne da masu jego. Ta sheƙa shi tsakanin ƙwarya biyu har ya huce, ta ɗauki ludayi.

Ran nan ta ajiye kunyar surukuta a bakin ƙofa. Ta zauna a kan tabarmar Dada, ta tallafo ta ta jingina da ƙirjinta. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki damin kara. Dada ta so ta kau da kai, Keturah ta faɗa mata wata magana da Fulatanci mai kama da faɗa, sai ta sauke mayafin. Ludayi na farko da ƙyar ya wuce, har hawaye ya fito mata. Na biyu ya fi sauƙi. Ta sha bakwai, ta rufe ido, ta yi ajiyar zuciya. Raliya ta ce, «Dada, ki yafe mini,» Keturah ta buɗe baki za ta fassara, tsohuwar ta ɗaga hannu alamar ta ji.

Washegari suka ɗora ta a keken Malam Zadok, ɗaya na turawa ɗaya na riƙe da ita, har ɗakin shan magani. Aka shafa mata maganin nan mai shuɗi a baki, aka ba da ƙwayoyi. Sauran aikin na madafi ne. Kunu sau uku a rana, yau na gyaɗa, gobe na tsamiya, jibi a kaɗa ɗan nono in Keturah ta samo a hannun matan da ta sani. Bayan mako guda romon kan kifi da aka tace, sannan kabewa da aka dafa ta narke, sannan tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa mai santsi, wadda ke wucewa ba sai an tauna ba. Gyaɗar gidan duk ta koma ɗakin Dada. Kuɗin miya kuwa tun ran naman nan suka tafi, don haka yara suka sha kuka kwana goma sha ɗaya a jere, har ƙaramar ta tambaya ko bishiyar a gidansu take. Garin tulun nan shi ya kai su ƙarshen wata.

Dada ta tashi. Ta koma fitowa da butarta, ta fara zama a inuwar zogale tana tsince wa Raliya wake. Suna hira ma, in za a kira shi hira: wannan ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, waccan ta faɗi nata, in ya yi kama su dubi juna da zargi, sai an kira Keturah ta tabbatar. Amma rama ba ta ɓuya. Wanda ya bar ta da ƙafafunta zai dawo ya ga zobe na faɗuwa daga yatsanta, kuma dole ya tambaya.

Wannan ne ya hana Raliya sakewa. Keturah ta ce ta yi shiru, ciwo ne, wa zai ce ba ciwo ba ne? Raliya ta ce a'a. Amana ya ce, da bakinsa, kuma da idonta a buɗe ta bar uwarsa da yunwa kwana tara saboda girman kai. Za ta faɗa masa, in ya so ya yi abin da zai yi. Ta san halinsa, ba mai duka ba ne, ba mai zagi ba. Shiru zai yi, kuma shirunsa kan yi wata uku. Har ta lissafa a ranta wace mota ke zuwa Funtuwa, in abin ya kai can.

Ya dawo ran wata Alhamis bayan la'asar, ya yi baƙi, leɓe duk ya bushe. Yara suka rufe shi. Ya karɓi ruwa ya sha, ya shiga ɗakin Dada. Raliya tana madafi ta ɗora ruwan tuwo, kunnenta na can. Ta ji ya yi salati. Ta ji muryar tsohuwar, a hankali, tana magana mai tsawo, wadda ba ta taɓa jin ta yi irinta ba. Ba ta gane komai ba sai sunanta da ta ji sau biyu. Ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya.

Inuwarsa ta rufe ƙofar madafin.

«Dada ta gaya mini komai.»

Ta saki muciya ta durƙusa. «Na'am, Malam.»

«Ta ce ciwon baki ya kama ta bayan tafiyata. Ta ce ta yi kwanaki tana ƙin abinci, kina ta fama, har nama kika sayo mata da kuɗin da ba ki da su. Ta ce a ƙirjinki ta sha abin da ya tashe ta.» Ya dube ta. «Allah ya yi miki albarka, Raliya.»

«Malam, ba haka aka yi ba.» Ta ɗago kai. «Akwai abin da ba ta faɗa maka ba. Ta roƙe ni abu, ni kuma...»

Ya ɗaga hannu.

«Ta ce za ki faɗi haka. Ta ce yarinyar nan tana da wata magana da take so ta ɗora wa kanta, in ta fara kada ka tsaya. Ta ce in na saurara, ita da ni ne.»

Ya juya ya tafi wajen buta. Raliya ta zauna a ƙasan madafi ta toshe baki da zani don kada yara su ji, ta yi kuka har tuwo ya fara kamawa, sannan ta tashi ta ci gaba da tuƙi.

Dada ba ta koma Ngurore ba. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a gidan, a hannun Raliya ta cika. Hamajoɗa kuwa har ya koma ga Allah bai ji sauran maganar ba.